Sai Tsohuwa Ta Shuka

Ni dai tun ranar da na ga Oyugi ya kira wa uwarsa ɗan acaɓa har ƙofar ɗaki, ya ɗaga ta da hannunsa ya ɗora, har da gyara mata zani, na ce akwai magana. Mutumin da ko sukarin shayi ba ya saya wa tsohuwar nan sai an yi masa gori a coci, yau shi ne da tausayin idonta? Wai za a kai tsohuwar, Dani Sabina, wato Kaka Sabina, birnin Kisumu, gidan 'yarsa, likita ya cire mata yanar ido. Shekara nawa tana lalube da sanda bai gani ba, sai yanzu da hadari ya fara haɗowa ta kan tafki.

Shingenmu ɗaya da su, ina shanya ƙananan kifin da nake kaiwa kasuwa, komai a kan idona aka yi. Tsohuwar tana bisa babur tana waige, tana cewa, "Oyugi, ruwa fa ya kusa. Bari in jefa iri tukuna."

"Mama, kwana nawa ne? Kafin ƙasa ta jiƙe kin dawo da ido garau."

A gidajenmu ba a shuka da ka. Babba ne ke fara fitar da iri. In uwa na raye ita ce za ta fara saran ƙasa, sai babban ɗa, sai mai bi masa, har a kai ga auta. Wanda ya tsallake na gaba da shi, chira ce ke kama masa yaro, ciwon ramewar nan da ba ya jin allura. Akwai masu cewa sun daina yarda da wannan tunda suka shiga coci, amma ban ga wadda ta gwada da ɗanta ba.

A gidan su Oyugi wadda ke can ƙarshen layi ita ce Akumu, matar ƙanensa Omolo da ruwa ya ci bara wajen kamun kifi. Mu Nyar Seme muke kiranta, da sunan garinsu, kamar yadda ni ma ake ce mini Nyar Uyoma. 'Ya ɗaya gare ta, Awiti, ba ta ma fara makaranta ba. Abin da mijin ya bar mata gona ce a bayan gida, mai kyau, shimfiɗaɗɗiya, da damin zangarniyar dawa da ya zaɓa da hannunsa ya rataye a saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. Irinta ke nan. Ta fi kula da damin nan fiye da zanin zuwa cocinta.

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Gari ya watse gona, ko'ina sai ihun masu garmar shanu. Gidan su Oyugi shiru. Da safe na ji Akumu ta shinge, ta durƙusa a ƙofar Oyugi, tana kiransa da sunan ɗansa.

"Baban Opondo, ƙasa ta jiƙe. Yaushe Dani za ta dawo?"

"Likita ya ce sai hawan jininta ya sauka. Kin ga tawa gonar ma tana nan zaune. Ko so kike in tsallake uwar da ta haife ni?"

"A'a, Baban Opondo."

"To ki yi haƙuri. Gida na da tsari."

Jin kalmar tsari a bakin Oyugi ya sa na ajiye tsintsiya. Shi da ya yi rufin kwano tun ɗakin ubansa na ciyawa, dattawa suka yi ta magana ya toshe kunne, yau shi ne mai tsaron al'ada. Sai na tuna taron da dagaci ya kira ƙarƙashin mangwaro kafin ruwa. Wani saurayi ne ya zo da koriyar hula, daga wani kamfani da ke sayen 'ya'yan zurma. Ya ce matse mansu ake yi ya zama man jirgin sama. Ya ce ganyenta na rufe ƙasa, ruwa ba ya zaizaye ta. Iri kyauta, tarakta kyauta, kuma duk mai fili babba za a kawo masa tankin ruwa har gida. Sharaɗi ɗaya ne, ya maimaita shi har ya gundure mu: ba sa karɓar gonar da ake noman abinci, kada a ce mai ya cinye tuwon mutane. Sai filin da ya zauna banza, damina ta wuce ba a sa masa fartanya ba. Da idona na ga Oyugi ya ja saurayin gefe bayan taro.

Na faɗa wa Akumu da yamma tana tatsar akuya. Ta dube ni kamar na zagi mamaci.

"Haba Nyar Uyoma. Wan Omolo ne fa. Shi ya tsaya a kan kabarinsa."

"Ya tsaya, na gani. A kan gonar ma zai tsaya."

"Ke komai sai kin ga baƙinsa."

Gaskiya ne, haka nake. Amma ban cire idona daga gidan ba.

Dawar mutane ta tsiro, ta kai idon sawu, ta kai gwiwa. Gonar Akumu ta cika da ciyawa da ƙaya. Ta ɗauki fartanya ta ce bari ko share ta ta yi, in tsohuwa ta dawo sai jefa iri kawai. Ba ta kai bakin gona ba Oyugi ya tare ta.

"Ina zuwa da ƙarfe, Nyar Seme?"

"Ciyawa kawai zan rage."

"Sara sara ne. Ƙasa ba ta san bambancin na shara da na shuka ba. Ni ba don kaina nake faɗa ba, 'ya'yana sun girma. Awiti nake ji."

Da ya ambaci yarinyar sai hannunta ya saki. Ta koma ta jingine fartanyar a bayan ƙofa. Wannan ita ce igiyar da ya riƙe ta da ita, kuma ya san inda ya ɗaura.

Na ce to a kira tsohuwar a waya mana, ta ba da izini da bakinta. Na ba Akumu wayata. 'Yar Oyugi ce ke ɗauka kullum. Yau Dani na barci, gobe an ɗiga mata magani ba a son ta yi magana, jibi tana bayan gida. Ciwon ido ne da ke hana baki motsi, ban taɓa jin irinsa ba. Rannan muka ji muryar tsohuwar daga nesa tana tambaya, "Wa ke nan? An yi ruwa a gida?" Sai waya ta mutu.

Ni kam raina ya ɓaci, na ce, "Ki shuka abinki. In chira ce ta zo ta same ni, ni na sa ki."

"Ba ke za ta nema ba," in ji ta. "Omolo ya tafi. In wannan ma ta tafi saboda hannuna, me zan ce?"

Gaskiyarta. Ni ma da 'yata ce da ban san abin da zan yi ba.

Rumbunta dama ba cika ya yi ba, shekarar makoki ce, baƙi sun ci rabi. Ta fara sa rogo a garin tuwo, daga baya rogon ya fi dawar yawa. Akuyar ta tafi kasuwar Homa Bay, kajin suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Sai ta shiga ƙwadago, noman gonakin mutane, ita da ke da gonar da ta fi tasu kyau. Wata rana aka kwashe su zuwa ƙetaren rafi, aikin wata gonar masara. Ta dawo da rana tsaka, ko wanke ƙafa ba ta yi ba ta faɗo gidana.

"Nyar Uyoma, masarar ta kai ƙugu."

"Ta wa?"

"Maman Opondo ce ta kawo mana kunu. Gonarsu ce."

Na ɗaura ɗankwali muka nufi matar Oyugi tare. Muka same ta tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wannan ai saya ya yi da guminsa," in ji ta. "Ba ƙasar gado ba ce. Tsarin gida a kan ƙasar gida yake, kowa ya sani. Ko za ku ce ƙarya nake?"

Ba ƙarya take ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na ce, "To tunda kun san za ku ci, ita fa?"

"Nyar Uyoma, kifinki ya bushe ne da kika zo shanya baki a gidan mutane? Mu muka hana ta? Idon Dani ne. In yunwa take ji ta zo ta karɓi tuwo, ba a taɓa korarta ba."

Akumu ta je sau ɗaya. Aka ba ta ɗan ƙanzo a murfin tukunya, aka bi ta da labarin tsadar gari har bakin shinge. Ba ta sake komawa ba.

Lokacin shuka ya wuce sarai, har wanda ya fi kowa lalaci a garin ya gama noman farko. A lokacin ne mai koriyar hula ya dawo. Oyugi ya zagaya da shi bayan gida, ya nuna masa tasa gonar ta gado, ya nuna ta Akumu, duk sun haɗe sun zama daji ɗaya. Saurayin ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto, yana jin daɗi.

"Baba, wannan fili ya yi. Tun yaushe yake zaune?"

"Tun rasuwar ƙanena ba mai taɓa shi. Ka ga dai da idonka."

Akumu na tsaye da tulu a kai. Ta sauke shi a hankali. Ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban wan mijinta ba sai ranar.

"Ɗana, gonata ce. Bara ma dawa na girbe a nan. Jira nake a buɗe shuka."

Saurayin ya dubi Oyugi. Oyugi ya yi murmushi irin na mai haƙuri da mara lafiya. "Matar marigayin ce. Tun abin da ya faru ba ta cika daidai ba. Don ita ma nake wannan wahalar, ta samu abin riƙe yarinya."

"Mama, ki yi haƙuri," in ji saurayin, yana mayar da waya aljihu. "Mu da shugaban gida muke magana. Kuma ni abin da na gani shi zan kai. Ban ga dawa ba, ciyawa na gani."

Na leƙo ta shinge na ce, "Ka tambaye shi wa ya shuka ciyawar." Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake, ya hau babur ɗinsa.

Tarakta ta zo cikin makon. Ta kife ciyawar da ƙayar, ta bi ta kan iyakar da uban su Oyugi ya dasa da hannunsa, ta mayar da gona biyu ɗaya. Akumu ta rugo da gudu.

"Baban Opondo, Dani ba ta shuka ba. Ka ce ƙarfe ba ya taɓa ƙasa."

"Zurma abinci ce? Kin taɓa ganin an yi tuwonta? Tsarin kakanni a kan abin da ake ci yake. Kuma ba hannuna ba ne, injin kamfani ne."

Haka ya faɗa, ko ƙifta ido bai yi ba. Al'adar da ta ɗaure mata hannu damina guda, shi ta buɗe masa ƙofa ya wuce da tarakta.

Zurma kuwa ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ganye fala-fala, ta rufe ƙasa ruf kamar yadda aka ce. A gefenta Awiti ke ramewa. Gashinta ya yi ja, cikin ya fito, ƙafafun suka zama kamar kara. Ta daina bin yara wasa, sai ta zauna a bakin ƙofa tana kallon kaji na maƙwabta. Ina kai musu kifi in na samu, amma ni ma da nawa bakunan, kuma kifi ba tuwo ba ne. Sai magana ta fara yawo a bakin rijiya, wai chira ce, wai an ga Nyar Seme ta jefa wake a bayan ɗaki a ɓoye. Na bi maganar baki-baki har na kai ta inda ta fito, wajen Maman Opondo.

Na ja Akumu muka kai yarinyar asibitin sha-ka-tafi. Malamar asibitin ta duba idonta, ta danna ƙafarta, ta ce, "Mama, yarinyar nan ba magani take nema ba. Ki ba ta kunun dawa mai kauri, safe da yamma. Kuna da dawa a gida?"

Akumu ta dubi Awiti. Sannan ta ce, "Akwai."

Na san wadda take nufi. A hanya na ce mata ta bari in nemo aro. Na nema, na samu ɗan abin da bai kai ko'ina ba, don lokacin kowa rumbunsa ya yi ƙasa, sabuwa ba ta nuna ba. Ranar da na shiga ɗakinta na tarar ta hau kan turmi tana kwance damin daga saman murhu, ba ta kuka. Zangarniya ɗaya ta fara cirewa ta mayar da sauran. Bayan kwana kaɗan ta sake hawa turmin. Kunun yana warin hayaƙi, Awiti na sha tana lashe ludayi. Yarinyar ta fara tashi, har ta fara dariya. Igiyar da aka rataye damin ta rage ita kaɗai tana lilo.

Tankin ya iso a bayan mota, baƙi, ƙato, aka kafa shi a ƙofar Oyugi yara suna tafi. Bayansa da kaɗan sai ga Dani Sabina a kan acaɓa, da sandarta, da yanar idonta yadda ta tafi da ita. Ba a yi mata aikin komai ba. Ta ce sau ɗaya aka kai ta wajen likita, sauran kwanakin tana zaune tana jiran a ce gobe. Ta sa aka ja ta bayan gida, ta miƙa hannu ta shafa ganyen, ta murza, ta sansana.

"Wannan ba dawa ba ce. Oyugi, gonar Omolo ce wannan?"

"Mama, zauna in yi miki bayani."

"Ka ajiye ni a birni kamar tsohon buhu don ka shuka guba a gonar marainiya?"

Tsohuwa ta tayar da ƙura, ta sa aka tara dattawan dangi. A lokacin ƙaramar damina, ta biyu a shekararmu, ta kawo kai. A gabansu ta ɗauki fartanya, ta sari ƙasa a gefen ɗakinta, ta jefa dawa, ta take da ƙafa. Ta ce ta buɗe. Ta ce Oyugi ya sare zurmar da ke ɓangaren ƙanensa, matar ta shuka abinta. Na zaci zai yi gardama. Ko kaɗan. Ya sunkuyar da kai kamar ɗan kirki, sai na ga matarsa tana danne murmushi. Ta sha leƙa ɗakin Akumu da sunan ɗibar wuta, ta san abin da ya rage a saman murhu.

"Na ji, Mama. Yau ma sai in sare. Ta fito da irinta."

Tsohuwa ta juya inda take jin numfashin surukarta. "Nyar Seme, 'yata, je ki ɗauko damin Omolo."

Akumu ba ta motsa ba. Awiti na riƙe da zaninta.

"Nyar Seme?"

"Dani, mun ci."

Oyugi ya buɗe hannuwa ya juya ga dattawa, murya a sanyaye. "Kun ji da kunnenku. Ni ban ce komai ba. Macen da ta dafa irinta, me za ta yi da gona? In sare abin da zai amfani gida duka, a bar ƙasa ta sake zama banza?"

Na ce, "Ina da iri. Yanzu zan kawo."

"Irin aro ba ya buɗe gonar gado," in ji shi.

Shekaruna a garin nan sun fi na wasu da ke zaune a wurin, ban taɓa jin wannan dokar ba. A ranar aka haife ta, a bakin Oyugi. Na dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya ina jiran wanda zai ce ƙarya ne. Sai na tuna ƙofar gidajen da na ga baƙin tanki a cikin makonnin nan. Suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce a bar maganar sai baɗi, a ga yadda hankalin yarinyar zai kasance. Tsohuwa ta zauna a ƙasa da fartanyar a cinya.

Wanda duk ya zo garinmu yau zai ga fili kore shar a bayan gidan, za a ce masa dā kufai ne. Hoton yana nan a wayar saurayin, ba wanda zai ƙaryata shi. Ba a doki Akumu ba, ba a kore ta ba, ba a ƙwace mata komai da ƙarfi ba. Jira kawai aka ce ta yi, ta jira, don tana tsoron abin da aka koya mata tsoro. Ta bi tsarin gida har ƙarshensa, shi ya sa ta rasa gonar.

Yanzu ita ke tsinkar 'ya'yan zurma a gonar mijinta, ƙwadago, Maman Opondo na tsaye a kanta kada ta zubar. Jiya na wuce na ga Awiti ta tara 'ya'yan a gefen zani, masu sheƙi da zane-zane, ta kai wa uwarta da murna.

"Mama, ga iri. Mu rataye a saman murhu?"

Akumu ta kaɗe hannun yarinyar har suka watse, ta ja ta zuwa tankin Oyugi ta wanke mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, kada gubar ta kai baki. Daga cikin gida Maman Opondo ta ɗaga murya ta ce a rage ɓarnar ruwa.